Daga Hakimcin Raba zuwa Majalisar Kaduna

Ƙasar da ke gabas da birnin Sakkwato ƙasar gulabe ce da fadamu. Gulbin Rima ya gangaro daga wajen Gobir, ya bi ta Goronyo, ya ratsa ta gindin Wurno, sa'an nan ya sadu da gulbin Sakkwato kusa da birni. Shi kuwa gulbin Sakkwato ta Raba ya biyo. Da damina ruwa ya kan malale fadamun nan a yi shinkafa, in ya janye kuma manoma su bi sawunsa da albasa da tafarnuwa, Fulani su sauko da shanu. Saboda albarkar ƙasar, da kuma kasancewarta kan hanyar da Gobirawa su ke biyowa da yaƙi, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya gina ribaɗi a Wurno, ya mai da shi mazauninsa. A can ya rasu cikin 1837, kabarinsa na nan har yau. Sarakunan Musulmi da dama da suka biyo bayansa sun fi zama Wurno bisa ga Sakkwato. Ko Baturen nan matafiyi, Barth, wanda a ke kira Abdulkarim, a Wurno ya sauka cikin 1853, zamanin Aliyu Babba.

Daga wannan yanki aka sami mutumin da ya zauna cikin Majalisar Wakilai ta Jihar Arewa kusan shekara goma sha bakwai ba yankewa, tun daga 1949 har daren da aka kashe shi cikin 1966, watau Alhaji Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. An yi rubutu mai yawa a kansa, amma galibi a kan shi Firimiya ne, ko shugaban jam'iyya, ko jinin Shehu. Ba a cika tsayawa a dubi zamansa na ɗan majalisa ba, alhali kuwa a nan babban aikinsa ya ke. Sa'ad da ya shiga majalisar nan, wurin ba da shawara ne kurum, iko yana fadar sarakuna da ofishin Razdan. Sa'ad da ya bar ta, ba sarkin da ya isa ya ƙetare dokar da ta yi. Iko ya tashi daga fada ya koma majalisa, a hannun ɗan sarautar da bai taɓa daina ƙaunar sarauta ba.

An haife shi a Raba cikin 1910. Mahaifinsa Ibrahim shi ne Sarkin Raba, watau hakimin ƙasar. Ibrahim kuwa ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Raba ne, wanda ya yi sarauta daga 1873 zuwa 1877, shi kuma ɗan Muhammadu Bello ne ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Yaron yana ƙarami uban ya rasu. Ya yi karatun allo a gida, aka kai shi makarantar lardi a Sakkwato, daga nan cikin 1926 ya tafi Kwalejin Katsina, inda a ke horar da malaman makaranta. A lokacin mota ba ta yawaita ba, da ƙafa 'yan makarantar Sakkwato su ke zuwa Katsina, tafiyar kwana da kwanaki. Kwalejin ƙarama ce, amma yawancin waɗanda suka riƙe Arewa daga baya ta nan suka bi, kamar su Abubakar Tafawa Ɓalewa na Bauci, da Aliyu Makaman Bida, da Shettima Kashim na Barno. Ya fita cikin 1931, ya koyar a Midil ta Sakkwato shekara uku.

Cikin 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya naɗa shi Sarkin Raba, yana da shekara ashirin da huɗu. Wanda bai san aikin hakimi na zamanin nan ba, da wuya ya gane irin ɗan majalisar da Ahmadu ya zama. Hakimi shi ne idon Sarki a ƙauye, shi ne kuma hannun En'e. Kowace shekara ya kan fita rangadi bisa doki, ya bi dagatai da masu unguwa, a ƙidaya magidanta a yanka haraji, a ƙidaya shanu a karɓi jangali, a rubuta a littafi, a kai kuɗi Baitulmali. In gada ta karye shi za a tambaya. In fari sun sauka, ko agana ta ɓulla, ko Fulani da manoma sun yi rikici a kan burtali ko mashaya, duk shi ne. A bisansa akwai iyayengiji biyu, Sarki da Bature, kuma ba kullum bakinsu ya ke zama ɗaya ba. Yawancin hakiman lokacin ba su jin Turanci, sai ta bakin tafinta su ke magana da Di'o, abin da tafinta ya ga dama shi Bature ya ke ji. Ahmadu kuwa yana jin Turanci, yana rubuta wasiƙa da hannunsa, yana iya zama ya duba lissafin malamin haraji da kansa.

Shekara huɗun nan na Raba sun koya masa abu biyu waɗanda bai manta ba. Na ɗaya, takardar da ta fito daga babban ofis ta fi ƙarfin duk wani rawani da ke ƙauye, don haka mai son ya yi wa ƙasa aiki sai ya nemi kusa da inda a ke rubuta takardar. Na biyu, talaka bai san wata gwamnati ba sai dagacinsa da hakiminsa, wanda ya riƙe waɗannan shi ya riƙe jama'a. Shi ya sa daga baya, sa'ad da samarin Kano suka tashi suna kiran a rushe mulkin En'e, shi bai taɓa yarda ba. Linzamin abin ya ke so ya kama, ba ya son ya karya shi.

Cikin 1938 Sarkin Musulmi Hassan ya rasu. Ahmadu yana cikin waɗanda suka sa rai, amma aka zaɓi Abubakar, wanda ke riƙe da sarautar Sardauna a lokacin, jikan Sarkin Musulmi Mu'azu. Kakannin mutanen nan biyu wa da ƙane ne, dukansu 'ya'yan Bello. Sarkin Musulmi Abubakar ya yi shekara hamsin bisa gado, har 1988, watau ya rayu shekara ashirin da biyu bayan Ahmadu. Ƙofar nan ta rufe ke nan, ko da ya ke ba wanda ya san haka a lokacin. Da Allah ya nufa rawanin ya faɗo kansa a shekarar nan, da Majalisar Sarakuna zai shiga, da kuwa labarin Arewa ya sake. Aka ba shi sarautar Sardauna da sabon Sarki ya bari, aka tura shi Gusau ya riƙa duba gundumomi goma sha huɗu na gabashin ƙasar Sakkwato. Gusau garin jirgin ƙasa ne da cinikin gyaɗa da auduga, cike da baƙi daga Kudu, don haka ya ga wata irin duniya wadda babu ita a Raba.

A Gusau masifa ta same shi. Cikin 1943 aka tuhume shi da cin kuɗin jangali, aka kai shi gaban shari'ar Sarkin Musulmi, aka yanke masa ɗaurin shekara guda. Ya ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotun Turawa da ta zauna a Zariya, aka soke hukuncin, aka wanke shi. Mutane da yawa sun ɗauki abin a kan makircin 'yan fada ne, sunansa kuwa ya daɗa fita a wurin matasa 'yan boko, domin sun ga ɗan sarki ya ja da fada ya kuɓuta. Aka sasanta, ya komo Sakkwato cikin majalisar Sarki, aka danƙa masa ayyukan En'e da dama. Cikin 1948 ya tafi Ingila ya ga yadda ƙananan hukumomi su ke aiki a can. Amma ya riga ya ɗanɗana abin da ke samun mutum in wanda ke fushi da shi shi ne kuma alƙalinsa. Mai karatu ya riƙe wannan a zuci, za a komo kansa.

Ita majalisar Kaduna, tsarin mulkin Gwamna Richards ya haife ta, ta fara zama cikin 1947. Ɗaki biyu aka yi, Majalisar Sarakuna da Majalisar Wakilai. A ta wakilai kusan rabin mazauna Turawan gwamnati ne, Bature ne kuma shugaba, sauran kuwa En'e-En'e su ke turo su, ko Gwamna ya zaɓa. Ba ta yin doka. Ana kawo mata kasafin kuɗi da dokokin da a ke shirin yi ta faɗi ra'ayinta, sa'an nan ta zaɓi waɗanda za su tafi majalisar Ikko. Ana magana da Hausa da Turanci, tafinta na juyawa. Cikin 1949, bayan rasuwar Wazirin Sakkwato Abbas, aka ba Sardauna kujerarsa. Ba talaka ko ɗaya da ya jefa masa ƙuri'a, haka kuma duk sauran 'yan'uwansa wakilai.

Ya shigo daidai lokacin da a ke shirin sake tsarin mulki, aka sa shi cikin 'yan Arewa da suka zauna kwamitin tsara sabo, ya kuma halarci babban taron Ibadan a watan Janairu 1950. A can wakilan Arewa suka kafe a kan sai an ba su rabin kujerun majalisar Ikko, tun da ya ke jama'arsu ta fi rabin ta Nijeriya, suka kuwa samu, kujera 68 cikin 136. A watan Agusta na shekarar nan kuma Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a majalisar Kaduna ya kawo shawarar da ta girgiza fada, cewa a kafa hukuma ta binciki mulkin En'e, domin talakawa ba su da ta cewa a cikinsa, sarki shi kaɗai ke yanka shi ke gyarawa. Da ƙyar shawarar ta wuce. Malam Abubakar ne ya ɗaga maganar, amma zartar da ita a hannun Sardauna ta faɗa.

Zaɓen farko, na 1951, hawa-hawa aka yi shi. Mutanen ƙauye su zaɓi wakilai zuwa gunduma, na gunduma su zaɓi na gaba, har a kai taron lardi, inda En'e ke da ikon cusa nata mutane. Ta haka Jam'iyyar Neman Sawaba, watau NEPU, wadda aka kafa a Kano cikin 1950, ta ci a hawan farko a birnin Kano amma ta faɗi a na ƙarshe. Jam'iyyar Mutanen Arewa, watau N.P.C., wadda ta zama jam'iyyar siyasa ana tsakiyar zaɓen, ita ta tattara yawancin waɗanda suka ci, galibinsu hakimai ne da ma'aji da malaman En'e. Cikin 1952 Sardauna ya zama Ministan Ayyuka na Jihar Arewa, daga baya aka ba shi ma'aikatar da ke kula da En'e. A lokacin nan mutum na iya zama majalisa biyu, don haka yana cikin waɗanda aka tura Majalisar Wakilai ta Ikko.

A Ikko aka yi abin da ya yanke masa shawarar inda zai zauna. Ran 31 ga Maris 1953 Anthony Enahoro na jam'iyyar Awolowo ya kawo shawara a ba Nijeriya mulkin kai cikin 1956. Sardauna ya tashi ya ce a cire shekarar, a sa "da zarar hali ya yi". Dalilinsa a fili ya ke. Masu digiri 'yan Arewa a lokacin ana iya ƙidaya su da yatsu, ofisoshin gwamnati da tashoshin jirgi da gidajen waya na Arewa cike su ke da akawunan Kudu, in Turawa sun tafi cikin shekara uku, waɗannan za su gaje su. Wakilan Kudu suka fice daga zauren. Shi kuma ya ce kuskuren da aka yi cikin 1914, sa'ad da aka haɗa Kudu da Arewa, yau ya fito fili. Da wakilan Arewa suka fito, taron jama'a ya bi su da ihu da zagi, ana kiransu 'yan amshin shatan Turawa, haka kuma aka yi ta yi musu a tashoshi har jirgi ya fita ƙasar Yarbawa. Ga mutanen da suka saba a faɗi a gaishe su, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Da Akintola ya shirya zuwa Kano a watan Mayu domin ya yi lacca a kan maganar, rikici ya tashi tsakanin mutanen birni da na Sabon Gari, aka yi kwana huɗu, mutum 36 suka mutu bisa ga ƙidayar gwamnati. A cikin watan nan majalisun Kaduna suka amince da sharuɗɗa takwas, waɗanda ma'anarsu ita ce kowace jiha ta riƙe kanta, a bar wa tsakiya tsaron ƙasa da hulɗa da ƙasashen waje da kwastan kurum. Kaɗan ya rage a ce raba ƙasa. Aka tafi taron London, aka sauko daga wannan matsayi, amma aka sami tsarin tarayya mai ba jihohi ƙarfi. Ran 1 ga Oktoba 1954 Sardauna ya zama Firimiyan Jihar Arewa na farko.

Sabon tsarin ya hana mutum zama majalisa biyu, sai ya zaɓi ɗaya. A watan Afrilu na shekarar nan taron N.P.C. a Jos ya riga ya ba shi shugabancin jam'iyya, Malam Abubakar na mataimakinsa. Bisa ga al'adar Ingila, wadda a ke koyi da ita, shugaban jam'iyya mafi rinjaye shi ke zuwa babbar majalisa ya zama Firayim Minista. Sardauna ya ƙi. Ya tura mataimakinsa Ikko, Malam Abubakar ya zama Firayim Minista cikin 1957, shi kuwa ya zauna Kaduna. Ko bayan zaɓen tarayya na 1959, da N.P.C. ta ci kujera 134, ta fi kowace jam'iyya, bai sake shawara ba. Waɗansu sun ce ihun 1953 ne bai manta ba, akwai kuwa ƙamshin gaskiya a ciki. Amma babban dalili shi ne wanda ya koya a Raba. Haraji da ƙasa da kotunan alƙalai da makarantu da naɗin sarakuna, duk abin da ke taɓa talaka da hakiminsa, a hannun jiha su ke. Ikko na da tuta da jakadu, Kaduna na da En'e.

To, me ya yi da majalisar? Aikin da ya fi kowane nauyi shi ne na En'e. Tun daga 1952 aka soke tsarin da sarki shi kaɗai ne hukuma, aka ce sarki da majalisarsa. Dokar En'e ta 1954 ta tattara gyare-gyaren nan wuri ɗaya, ta ba Minista ikon sa ido a kan Baitulmali, ta buɗe hanyar kafa majalisun gunduma da na ƙauye. A shekarun nan aka ga abin da ba a saba gani ba sai lokacin yaƙi, manyan sarakuna suna barin gado a kan zargin rashin kyakkyawan riƙo: Lamidon Adamawa cikin 1953, Sarkin Bauci Yakubu cikin 1954. Gaskiya ne a lokacin hannun Gwamna Sharwood-Smith, wanda Hausawa ke kira Mai Wandon Ƙarfe, shi ke sa hannu. Amma ikon nan bai tafi Ingila tare da Turawa ba, gwamnatin Sardauna ta gaje shi. Cikin 1962 majalisa ta yi dokar da ta ɗora Kwamishinan Lardi, ɗan siyasa, a gurbin Razdan, ya zama shi ne wakilin gwamnati bisa kan sarakunan lardinsa. A shekarar nan kuma aka yi dokar ƙasa wadda ta sa filaye duka ƙarƙashin kulawar Minista.

Ranar da kowa ya gane inda iko ya koma ita ce ranar da aka taɓa Kano. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi babban sarki ne, malami, jigo a cikin N.P.C., tsohon abokin Sardauna kuma. Cikin 1962 gwamnati ta sa wani Bature, Muffett, ya binciki kuɗin En'en Kano, cikin 1963 Sarki ya yi murabus ya koma Azare. Har yau Kanawa ba su daina gardama a kan ko kuɗi ne dalili ko kuwa tsoron kada a sami zakara biyu a akurki ɗaya ba. Ko ma wanne ne, mutumin da bai sami rawani cikin 1938 ba ya kai ga inda manyan rawuna ke jiran abin da zai ce. Da Sarkin Musulmi Abubakar kuwa ya kiyaye ladabi a bainar jama'a, yana faɗuwa ya yi gaisuwa kamar kowane basarake na Sakkwato, Sarkin kuma yana cikin majalisar zartaswa ta jiha a matsayin Minista marar ma'aikata. Kowannensu ya san iyakar ɗan'uwansa.

Aiki na biyu shi ne na shari'a. Da mulkin kai ya matso, ƙabilun da ba Musulmi ba suka kai kuka gaban hukumar Willink cewa suna tsoron kotunan alƙalai. Cikin 1958 gwamnati ta kira masana shari'a, da Babban Jojin Sudan, Abu Rannat, a kan gaba, tare da wani alƙali daga Pakistan da wani shehun malami daga London da manyan Arewa. Bisa ga shawararsu majalisa ta zartar da kundin hukuncin laifuffuka cikin 1959, wanda ya fara aiki ran 30 ga Satumba 1960, kwana ɗaya kafin Nijeriya ta sami mulkin kai. Daga ranar nan hukuncin laifi a Arewa ya koma bisa rubutacciyar doka guda, ko a gaban alƙali ko a gaban majistare, aka bar wa shari'ar Musulunci aure da gado da sauran ma'amala, aka kafa mata kotun ɗaukaka ƙara, wadda Malam Abubakar Gumi ya shugabanta daga 1962. Malamai da yawa ba su so ba. Da wani ne ya kawo dokar nan ba jinin Shehu ba, da wuya ta wuce Majalisar Sarakuna.

Sauran ayyukan an san su: fifita 'yan Arewa wajen ɗaukar ma'aikata, masaƙar Kaduna cikin 1957, Bankin Arewa cikin 1960, Jami'ar Zariya da gidan rediyo da talabijin na Kaduna cikin 1962. Kowanne sai da aka kawo doka ko kasafi gaban majalisa, Makaman Bida na riƙe da jakar kuɗi. Mulkin kan Jihar Arewa kuwa ran 15 ga Maris 1959 aka sa shi, da gangan, domin ran 15 ga Maris 1903 Turawa suka ci Sakkwato.

Amma akwai inda ɗan majalisar nan ya gaza, kuma bai kamata a rufe ba. Majalisa ba ta cika majalisa ba sai da abokan hamayya, shi kuwa bai taɓa sakin jiki da hamayya ba. A wurinsa mai ja da shugaba marar kunya ne, ba abokin aiki ba. Kotunan sarakuna da 'yan doka da gidajen yari ya bar su a hannun En'e, En'e kuwa ta zama hannun jam'iyya. Ɗan NEPU sai ya nemi izni wurin hakimi kafin ya yi lacca, hakimin kuwa sau da yawa shi ne ɗan takarar N.P.C. ko ubansa. In ya yi magana mai zafi a kai shi gaban alƙali a ce ya zagi sarki. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya an ɗaure ta ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Mutumin da ya tsaya gaban shari'ar fada cikin 1943, wanda ɗaukaka ƙara kaɗai ta cece shi, ya fi kowa sanin abin da wannan ke nufi, amma ya bar shi, domin yana yi wa jam'iyyarsa amfani. Mata kuma, waɗanda a Kudu suna jefa ƙuri'a, a Arewa ba a ba su ba duk tsawon zamaninsa.

Sakamakon ya fito a zaɓen jiha na 1961, inda N.P.C. ta ci kujera 160 cikin 170. Malam Aminu Kano bai taɓa samun kujera a majalisar Kaduna ba, ta Ikko ya shiga cikin 1959. Alhaji Ibrahim Imam na Barno, wanda ya bar N.P.C. ya zama shugaban hamayya, sai da Joseph Tarka ya tsai da shi a ƙasar Tibi sa'an nan ya komo majalisa. Zauren da Sardauna ya ɗaukaka bisa fada ya zama wurin da ba a cika jin kowa ba sai masu cewa na'am. Waɗanda ba su sami bakin magana a ciki ba suka yi a waje, ƙasar Tibi ta yi bore cikin 1960, ta sake cikin 1964, har aka kai soja. Shi kuma a shekarunsa na ƙarshe hankalinsa ya fi karkata ga aikin addini, da Jama'atu Nasril Islam da rangadin musuluntarwa, al'amuran majalisa ya bar wa ministoci da yawansu.

Da asubahin 15 ga Janairu 1966, cikin watan azumi, sojoji ƙarƙashin Manjo Nzeogwu suka faɗa gidansa a Kaduna suka kashe shi, shi da uwargidansa Hafsatu. A daren nan aka kama Abubakar Tafawa Ɓalewa a Ikko aka kashe shi, aka kashe Akintola a Ibadan. An binne Sardauna a Kaduna, ba a Wurno kusa da Bello ba, ba kuma a Hubbare kusa da Shehu ba. Mulkin soja ya rufe majalisar, ba ta sake zama ba.

Abin da ya bari bai taɓa ba, soja suka ƙarasa. Cikin 1967 aka raba Jihar Arewa shida, aka soke kotunan sarakuna, a 'yan shekarun da suka biyo aka karɓe 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, cikin 1976 aka soke ita kanta En'e aka kafa ƙananan hukumomi. Ƙasar Sakkwato ba ta sake ganin zaɓaɓɓiyar majalisar dokoki ba sai 1979, a zaɓen nan kuma mata suka jefa ƙuri'a tare da maza. Yau Wurno da Raba da Goronyo kowace ƙaramar hukuma ce, suna tura wakilansu majalisar Jihar Sakkwato mai kujera talatin. A Majalisar Wakilai ta Abuja, Wurno da Raba kujera guda gare su, Goronyo kuma tana tare da Gada. Zauren Lugga da ke Kaduna, inda Sardauna ya yi zamansa, majalisar Jihar Kaduna ke zama a ciki.